Motar Baba Ta Ƙi Tashi

Shafi na 27

Masu cewa na yi shiru kwana uku, na ga saƙonninku duka, amsawar ce ta gagare ni. Ga shi.

Karo na tara ke nan Auta tana murɗa makullin.

Injin ya juya, ya juya, gur-gur-gur, kamar tsohon da tari ya sarƙe, amma bai kama ba. Ta saki. Garejin ya yi tsit, sai kwanon rufi da ke ƙas-ƙas saboda rana ta fara dukansa.

“Sake,” in ji Yaya. Kansa na ƙarƙashin bonet, muryarsa kawai take ji.

“Batir zai mutu.”

“In ya mutu a kawo wani. Sake.”

Ta sake. Gur-gur-gur. Babu.

Ta ɗora hannu a kan sitiyari tana kallon gilashin gaba. Sabo ne, har yanzu da ƴar takarda manne a kusurwarsa. Komai na gaban a-kori-kurar nan sabo ne, gilashi da fitilu da lagireto. Wata bakwai Yaya ya yi yana miƙar da ƙarfen da hatsari ya lanƙwasa, shi kaɗai, da hannun da aka yi masa ɗori. Abu ɗaya ne ya gagare shi, ƙwaƙwalwar motar, wato akwatin nan da ke gaya wa inji lokacin shan mai da lokacin ba da wuta. Ta murƙushe har da soket ɗinta, kuma irinta ta asali an daina yi. Shi ya sa Auta, da ta gama karatun lantarki a jami'a wata biyu bayan rasuwar Baba, ta nemo wata daban wadda ba kamfanin motar ya ƙera ba, irin wadda ake saitawa da laftof. Jiya ta gama haɗa ta, waya bayan waya, tana bin kalolin da ke taswirar kamfani.

Yau kuma mota ta ce ba ta san zancen ba.

Ita kanta Autar ba ta san ko so take ta tashi ba. Umma ba ta ƙara yi wa Yaya magana ba tun ranar da ya ce shi ne yake tuƙi lokacin da motar ta daki ginshiƙin gada da Baba a ciki. Duk abin da za ta faɗa masa, ta bakin Auta yake bi. Sati uku da suka wuce ta ce, “Ki faɗa wa ɗan'uwanki, ranar da motar nan ta tashi, ya ɗauke ta ya ɗauki kayansa. Ba na son in buɗe ido in ga ko ɗaya a cikinsu.” Auta ta kai saƙon yadda aka ba ta. Yaya ya ce, “To.” Tun ranar jakarsa take a ɗaure bayan ƙofar gareji.

Ta laluba cikinta ko za ta ji wani abu game da hakan. Ba ta ji ba. Tun da aka kira ta a waya aka faɗa mata rasuwar, jikinta yake kamar hannun da aka kwana a kai. Tana ganinsa, tana motsa shi, amma kamar na wani.

“Salamu alaikum, ma'aikatan ofis!”

Mai Batir ne. Shagonsa na jingine da garejin, shekara talatin suna raba inuwa ɗaya da Baba. Ya shigo rungume da wani batir kamar mai ɗauke da jariri, ya dire shi yana haki.

“Tun daga shago nake jin kukan batirina. Injiniya, me bawan Allah ya yi miki za ki kashe shi da rana tsaka?”

“Ina kwana, Kawu.”

“Ni dai na kwana lafiya, batir ne bai kwana lafiya ba. Kai kuma Dogo, ita wannan ƙwaƙwalwar ta ƴan boko, ko sai an yi mata jarrabawa take fara aiki?”

Yaya bai yi dariya ba. Ya karɓi batirin ya fara kwance na ciki.

Auta ta fito daga motar. Tun tana ƴar shekara bakwai tana miƙa wa Baba filaya take jin karatunsa: mai, wuta, iska, in mota ta ƙi tashi to ɗaya a cikinsu ne ya yi yaji. Ta ce su bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta murɗa makulli rabi. Daga bayan motar famfon mai ya yi ɗan gunjinsa ya yi shiru. Yaya ya sassauta bututu, warin fetur ya cika wurin.

“Mai na zuwa,” ya ce.

Ya kwance filogi ɗaya ya ɗaga shi a haske. A bushe yake ƙayau, ko ɗigon fetur babu a bakinsa. Ya jingina shi da jikin inji.

“Murɗa.”

Gur-gur-gur. Su uku suka zuba wa bakin filogin ido. Ko ƙyallin wuta bai yi ba.

“To fa,” in ji Mai Batir. “Ba ci ba sha. Azumi ya ɗauka ke nan.”

Auta ta jawo laftof daga kujerar gefe ta ɗora a cinya. Ta sake murɗawa, idonta a kan lambar da ke nuna gudun inji. Injin na juyawa, motar har girgiza take, lambar kuwa tana nan a sifili.

“Ba ta san yana juyawa ba,” ta ce.

“Wa?”

“Ƙwaƙwalwar, Kawu. Akwai wata sansa a ƙasan inji da ke ƙirga mata juyawarsa. In saƙon bai iso ba, ita a wurinta motar a kashe take. Ba za ta ba da mai ba, ba za ta ba da wuta ba.”

“Wato ana ta sallama tana ɗaki ba ta ji.”

“Haka.”

“To ai surukata ce. Ku ce min surukata kuka saka a mota.”

Ta shimfiɗa kwali ta shiga ƙarƙashin motar da mita a hannu. Sansar lafiyarta ƙalau, ta auna ta sau biyu. Saura waya. Taswirar kamfani ta ce wayar da ke kai saƙon rawaya ce, kuma rawaya ta haɗa jiya. Ta sa Yaya ya riƙe baki ɗaya na mitar a jikin sansa, ita ta ɗora ɗaya bakin a kan rawayar da ke cikin mota. In waya ɗaya ce, mitar za ta yi ƙara.

Ba ta yi ba.

Ta gwada koriya. Shiru. Ta gwada shuɗiya. Shiru. Ta ɗora a kan wata ja, don dai ta cika ƙa'ida, don babu mai hankalin da zai ɗauki saƙon sansa a jar waya.

Ɗiiit.

Ta ɗaga. Ta sake ɗorawa.

Ɗiiit.

“Miƙo min reza,” ta ce.

“Me za ki yi da ita?”

“Zan buɗe damin wayoyin.”

“Bar shi.” Yaya ya faɗa da sauri, har Mai Batir ya ɗago ya dube shi. “Tunda kin gano ta, ki mayar da ita wurinta kawai. Ko mu ja sabuwa daga ƙasa.”

“In wannan ta sauya wuri, sauran ma sun sauya. Waya goma sha huɗu na haɗa jiya, Yaya.”

“Sai ki auna su ɗaya-ɗaya.”

“Reza.”

Bai miƙo ba. Ta ɗauko da kanta a kan benci.

Baƙin tef ne naɗe da damin tun daga bayan inji har cikin mota, an naɗa shi tsaf, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Naɗin Baba ne, ko a mafarki ta gani za ta gane. Ta tsaga shi a hankali kamar mai farke ɗinki. Wayoyin suka bazu a tafin hannunta.

Ta daɗe tana kallonsu.

Rawayar kamfani ta taho daga sansa, ta yi kamu ɗaya, sai aka yanke ta aka ɗora mata ja. Koriya an ɗora mata baƙa. Akwai rawaya har uku a jere, kowace da inda ta nufa. Haɗin kansa babu abin kushewa, an murɗa, an zuba dalma, sumul kamar daga kamfani. Kalolin ne kamar wanda ya zura hannu a buhu ya ɗebo abin da ya samu.

Baba ne fa. Mutumin da ya taɓa sa Yaya ya kwance aikin kwana biyu saboda ya sa jar waya a inda baƙa ta kamata. Yakan ce kala ita ce harshen waya, wanda ya sauya ta ya yi wa na bayansa ƙarya.

Sannan ta ga zaren.

Farin zaren ɗinki ne, a ɗaure a wuyan kowace waya, dab da haɗin. A jikin jar akwai ƙulli uku. A jikin ta kusa da ita, ƙulli ɗaya. Ta gaba, biyar.

“Kawu, yaushe Baba ya taɓa wayoyin nan?”

Mai Batir ya matso yana gyara hula. “Ai lokacin da ɓeraye suka yi walima a ciki ne. Shekara biyu ke nan, kina makaranta. Kwana huɗu ya yi a kansu, aikin da da can kafin azahar ya gama. Ni ma sai da na ci rabona, minti kaɗan ya ƙwala min kira, zo ka karanta min mita. Na ce kai da mitarka? Ya ce masu yin ta ne suka ƙanƙance lambobin don rowa.” Ya yi dariya. “Rannan ma na shigo na tsaya a gabansa, nan inda kike, ya ɗago ya ce wane ne. Na ce au, yau kuma ni ne wane ne, shekara tala...”

Dariyar ta tsaya masa a wuya. Ya dubi zaren. Ya dubi Yaya.

“Kawu,” in ji Yaya, “kamar ana sallama a shagonka.”

Babu wanda ke sallama. Mai Batir ya sunkuya ya ɗauki mataccen batirin, ya nufi waje. A bakin ƙofa ya ce, “Allah ya jiƙan maza,” ya fita.

Auta ta rufe ido.

Ta kama jar wayar da yatsu biyu. Ƙulli uku. Ta bi ta a hankali, idon a rufe, ta cikin ƴan'uwanta, ta ramin da ke shiga cikin mota, har ƙarshenta. Can ma zare. Ɗaya, biyu, uku.

Ta buɗe ido.

“Tun yaushe?”

“Tun yaushe me?”

“Yaya.”

Ya ɗauki tsumma yana goge hannun da babu komai a jikinsa. Ya goge yatsa ɗaya-ɗaya.

“Shekara uku,” ya ce. “Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama yana ganin haske da inuwa, kamar ta cikin ruwan wanki. Likita ya ce jijiya ce, ba ta dawowa.”

“Umma ta sani?”

“Babu wanda ya sani. Ni ma kama shi na yi yana shafa fiyus da harshe don ya gane ko ya ƙone.”

“Kuma ka yi shiru.”

“Ya sa na yi masa alkawari. Ya ce mai gyaran waya in aka ce ba ya gani, ko fitilar keke ba za a ƙara kawo masa ba. Ya ce gara a ce ya tsufa ya yi sanyi.” Ya ninke tsumman. “Sai na riƙa tsayawa kusa da shi. In mai mota na wurin, in ce, Baba wannan jar ta ci wuta fa, kamar ina neman shawara. Shi kuma ya ce, ai na gani. Wannan dai ya hana ni taɓawa. Ya ce motarsa ce.”

“A gida fa?”

“Gidan da ya gina da hannunsa? Ya san taku nawa ne daga gado zuwa randa.”

Auta ta tuna hutunta na ƙarshe. Ta shigo gareji da sabuwar riga koriya, Baba ya ce, shuɗin nan ya karɓe ki, Injiniya. Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce. Ta tuna abin sarai, har warin man da ke hannunsa, amma tunanin ya wuce ta kamar motar da ba ita take jira ba.

“Riƙe min mita,” ta ce.

Suka bi wayoyin goma sha huɗu. Ta daina duba kala. Ta ƙirga ƙulli a wannan baki, ta nemo mai irinsa a wancan, mita ta yi ƙara, ta rubuta a bayan taswirar. Babu ko ɗaya da Baba ya kuskure. Shida daga cikin haɗinta na jiya ne ba daidai ba. Ta warware su, ta mayar da kowace gidanta, ta zuba dalma. Rana ta take tsaka, kwanon rufin ya fara zubo zafi. Daga cikin gida, ta bayan bango, ana jin Umma tana dirza wanki. Babu wanda ya yi magana sai “riƙe” da “saki”.

Da ta gama ta shiga mota ta zauna. Ta taka kulochi har ƙasa, ta kai hannu ga makulli.

Sai ta tsaya.

Ta dubi ƙafarta a kan kulochin. Ta kai ƙasa ba tare da ta miƙe ba, gwiwarta ma a ɗan lanƙwashe. Bayanta na jingine daidai. Tun jiya take shiga tana fita a kujerar nan, ba ta taɓa gyara ta ba, don daidai da ita take. Ita da Baba tsawonsu ɗaya, har tsokanarsu ake yi da shi.

Ta sa hannu ƙarƙashin kujerar ta ja ƙarfen da ke matsar da ita. Ko gezau.

“Ba ta motsi,” in ji Yaya ba tare da ya dubo ba. “Layinta ya lanƙwashe tun ranar. Na faɗa miki.”

“Ka faɗa min.”

Ta fito ta bar ƙofar a buɗe.

“Zo ka murɗa.”

“Ke dai murɗa, ina duba nan.”

“Babu abin dubawa a nan. Zo ka zauna.”

“Auta, rana na yi.”

“Tun da muka fara aikin nan ba ka taɓa zama a kujerar nan ba. Kullum ni. Zo ka zauna in gani.”

Ya tsaya a inda yake, dogon mutum da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinsa. Ya dubi ɗan tazarar da ke tsakanin kujerar da sitiyari. Ko gwiwarsa ɗaya ba za ta shiga ba.

“Wa yake tuƙi ranar?”

Ya kawar da kai.

“Ba faɗa nake ba, Yaya. Tambaya nake.” Kuma gaskiya ne, muryarta a kwance take kamar tana tambayar sufana mai lamba nawa.

Ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya sa fuskarsa a tafin hannu, ya cire.

“Wata huɗu ina ɓoye masa makulli,” ya ce. “Duk inda za shi ni nake kai shi. Yau in ce taya ba iska, gobe in ce ni ma can za ni. Ranar ya gaji. Ya shiga gida ya ce wa Umma ɗanki ya fara gadona tun ina raye, ya hana ni motata.”

“Sai?”

“Kin san Umma a kan Baba. Ta shiga ɗakina ta birkice shi. A cikin takalmi ta same shi. Ta fito nan, nan wurin, ta ce min mara kunya a gaban masu mota biyu.” Ya nuna wurin da yatsa. “Ta kamo hannunsa ta sa masa makullin a ciki. Ta ce, ungo, motarka ce, in ga wanda zai hana ka.”

Dirzar wankin ta ci gaba a bayan bango.

“Ta koma ciki. Ya tayar. Na bi shi da gudu na faɗa gefe, na ce to Baba bari in riƙa faɗa maka hanya. Ya ce in na ƙara magana zai sauke ni. Mun yi nisa fa, Auta. Wallahi ya yi tuƙi mai kyau, da ƙwaƙwalwa yake bin titin. Bai san an kafa sabon ginshiƙi a wurin ba. Na ce Baba dama, Baba dama. Ya ce ai na gani.”

Ya dubi motar.

“Kafin mutane su iso na jawo shi waje. Da aka tambaya na ce ni ne.”

“Saboda alkawarin.”

“Alkawari ya mutu tare da mai shi. Saboda ita.” Ya nuna bango da haɓa. “Yanzu tana da wanda za ta tsana, tana ci tana sha tana barci. In ta san abin da ta sa masa a hannu fa? Wa za ta kora daga gidan? Kanta?”

Auta ta tsaya riƙe da ƙofar mota. Ta jira kuka ya zo, ko fushi, ko wani abu. Abin da ta lura da shi kawai shi ne wani ƙudan da ke yawo a kan sabon gilashin, da igiyar jakar Yaya da ta fara tsinkewa a gefe ɗaya.

“Ina za ka?” ta ce.

“Inda mota ta kai ni. Ko'ina akwai waya.”

“In ta tashi za ka tafi.”

“Ai shi ya sa muke gyara ta.”

“To ba zan murɗa ba.”

“Auta.”

“Zan cire ƙwaƙwalwar in ce ba ta yi ba. Ni na kawo ta.”

Ya miƙe. Bai yi mata gardama ba. Ya zo ya raɓa ta gefenta, ya zura dogon hannunsa ta ƙofar, ya girgiza giya ya tabbatar ba a ciki take ba, ya murɗa makullin.

Gur-gur...

A kan laftof sifilin ya yi tsalle. Ɗari biyu. Ɗari uku.

Injin ya yi tari sau ɗaya, ya yi na biyu, sannan ya kama.

Ba a riga an ɗaura salansa ba. Ƙarar ta daki bango ta dawo, kwanon rufi ya ɗauki rawa, sufanu suka fara tafiya da kansu a kan benci. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe garejin. Amma a ƙarƙashin duk wannan hargowar, muryar motar Baba ce, da ɗan tsallen nan nata da duk gidan suka sani tun daga kan kwana.

Yaya ya juya ya nufi bayan ƙofa. Ya ɗauki jakarsa.

“Ajiye!” Ba ta ji muryarta ba. Ta ƙara ɗagawa. “Yaya ka ajiye!”

“Me?”

“Ba za ka tafi da sirrin nan ba!”

“Ki koma ciki!”

“Wata bakwai ina kai maka saƙon zagi da bakina!” Maganar kamar wata ce take yin ta daga nesa. “Ni ba zan zauna da ita ina kallonta ina sani ba! Ko ka faɗa mata ko ni in faɗa!”

“Ki faɗa mata me? Ki kashe ta?”

Injin da ba a gama saitawa ba ya yi wata shaƙuwa, ya sauke murya, ya mutu ɗif. Ita kuwa ta riga ta buɗe baki da dukan ƙarfinta.

“Cewa Baba ba ya gani, kuma shi yake tuƙi!”

Maganar ta tsaya ita kaɗai a cikin garejin.

Idon Yaya ba a kanta yake ba. Bayanta yake kallo.

Ta juya.

Ƙaramar ƙofar da ta haɗa gareji da gida a buɗe take. Umma na tsaye a bakinta, kumfar sabulu har gwiwar hannu, takalmi a ƙafa ɗaya. Da gudu ta taho. Fuskarta ba ta gama sauke abin da ƙarar motar ta ɗora mata ba, wani haske na mai fitowa taryar mijinta.

Kumfar ta ɗiga a ƙasa. Ta sake ɗiga.

Umma ba ta dubi Auta ba. Ta tako cikin hayaƙin, ɗingis, ɗingis, har ta zo gaban Yaya. Ta ɗaga kai ta dubi tsakiyar idonsa.

“Kai,” ta ce a hankali. “Shi ya sa ka ɓoye makullin?”